Yadda Ake Shirya Wasan Waƙa Kai Tsaye a Kano Ba Kamfani Ba Ubangida

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga matasan mawaƙa, da masoyansu masu son ganinsu ido da ido, ita ce: ta ina mutum zai fara idan yana son ya tara jama'a a cikin Kano ya yi musu waƙa, alhali ba shi da kamfani, ba shi da ɗan siyasar da zai ɗauki nauyi? Tambayar tana da dalili. Cinikin kaset da faifai da ya riƙe mawaƙa a Ƙofar Wambai ya wuce. Masu tura waƙoƙi a memori ba sa ba mawaƙi ko sisi. Audiomack da Boomplay da YouTube suna biya, amma sai waƙa ta zaga ƙwarai kafin ta mayar da kuɗin sitidiyo. Spotify ma, wadda ta shigo Nijeriya a 2021, tun 2024 ba ta biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 ba cikin wata 12. Abin da ya rage a hannun mawaƙi mai cin gashin kansa shi ne muryarsa, da mutanen da za su baro gida su biya su ji ta.

Ƙaramin wasa nake nufi, na mutum 100 zuwa 300, wanda mawaƙi da abokansa biyu ko uku za su iya ɗauka. A bi matakan a jere. Wasannin da ke rushewa, akasari fosta aka fara bugawa kafin a nemi izini, ko aka ƙarar da kuɗi a ado aka bar sauti. Duk abin da zan faɗa ya shafi mawaƙiya kamar yadda ya shafi mawaƙi.

1. Yanke irin wasan da za ka yi

Iri uku ake yi a garin nan. Akwai wanda ake saka waƙar da aka riga aka naɗa, mawaƙi yana riƙe da makirufo yana motsa baki. Wannan ka bar shi. Ba wanda zai biya kuɗin mota daga Rijiyar Zaki ko Hotoro don ya ji abin da ke cikin wayarsa, kuma ko ya zo sau ɗaya ba zai ƙara ba. Akwai wanda ake saka kiɗan sitidiyo zalla, mawaƙi da 'yan amshi su rera da bakinsu. Sai na uku, wanda komai a nan take ake yin sa: mai fiyano, mai kalangu, mai gurmi ko kukuma, da 'yan amshi.

A wasan farko ka haɗa na biyu da na uku. Rabin waƙoƙin su tafi a kan kiɗan sitidiyo, sauran rabin da makaɗa. Haka ya fi sauƙin kuɗi, kuma ɓangaren makaɗan shi ne abin da mutane za su tafi da labarinsa, don shi ne ba su da shi a waya.

Hattara: ka je wurin wanda ya haɗa maka kiɗa tun yanzu ya fitar maka da kowace waƙa ba muryarka a ciki, amma ya bar amshi can ƙasa-ƙasa idan 'yan amshinka ba su da yawa. Kada ka yi amfani da wadda aka turo ta WhatsApp a matsayin saƙon murya, don an matse ta, a babbar sifika sai ta zama kamar daga cikin gwangwani take fitowa. Ka je da filasha ka karɓi asalin.

2. Yi lissafi daga abin da zai shigo

Mutane kan fara da abin da suke son yi, sannan su nemi kuɗi. Kai ka fara da abin da ƙofa za ta iya kawowa, kuma ka ɗauka kujerun ba za su cika ba. Ga misali, lambobin na kwatance ne, ka musanya su da farashin da ka tarar a makon da kake ciki. A ce wurin na cin mutum 200, tikiti naira 3,000. Ka lissafa mutum 120 kawai, naira 360,000 ke nan. Ka ware kujeru 10 a gaba a naira 10,000, ƙarin 100,000. Jimla 460,000. Duk abin da za ka kashe kada ya haura wannan.

Rabon da nake ba da shawara: kashi ɗaya cikin uku ga sauti da inji da mai, kwata ga wuri, kwata ga makaɗa da 'yan amshi. Ragowar, kimanin 80,000 a misalinmu, ita za ta ɗauki talla, masu tsaro, ruwan sha, da ɗan abin da za ka ɓoye a aljihu don abin da ba a yi tsammani ba. Liƙi kada ka sa shi a lissafi ko kaɗan. Idan ya zo, ribarka ce.

Mai shago ko mai gidan abinci a unguwarku zai iya ɗaukar nauyin ruwa ko kujeru a rataya masa ƙyallen tallarsa. Irin wannan taimakon ya fi na ɗan siyasa lafiya, don shi ba zai ce a canja masa waƙa ba.

3. Zaɓi rana da lokaci

Cire watan azumi gaba ɗaya. Cire kwanakin hawan sallah, don hanyoyin cikin birni a cushe suke, hankalin mutane kuma yana can. Idan filin buɗaɗɗe ne, cire Yuli da Agusta, hadarin yamma ba ya ba da sanarwa. Daga Maris zuwa Mayu kuma, hol ɗin da ba iska zai kori mutane kafin a kai rabi. Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, sai dai a nan bukukuwa suke yawa, masu wuri da masu kayan sauti suna da ciniki, don haka ka kama rana da wuri, wata ɗaya da rabi kafin lokaci. Ka kuma duba kada ta faɗa daren babban wasan ƙwallon Turai.

Lokaci biyu ne ke aiki: daga bayan la'asar zuwa magariba, ko daga bayan isha'i zuwa goma. Na farkon na fi so. Mata da magidanta suna iya zuwa, maƙwabta ba sa ƙorafi, kowa ya samu abin hawa. A 2022 gwamnatin jiha ta hana zirga-zirgar adaidaita sahu daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, kuma ko ba doka, wanda ya fito daga taro bayan goma da waya a hannu ya san abin da yake fargaba.

4. Je ka ga wurin da ƙafarka

Wuraren biki, hol ɗin otal, ɗakin taro na makaranta, harabar gidan abinci, ko farfajiyar wuraren al'adu irin Gidan Ɗan Hausa, duk ana iya tambaya. Kada ka kama wuri ta waya. Ka je, ka tsaya a tsakiyar ɗakin babu kowa, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan ƙarar ta daɗe tana kai da kawo, ɗakin yana amsa amo, kuma waƙar Hausa da ba a jin kalmominta ta tashi a banza. Tayil da gilashi da rufin kwano tsirara su ke jawo haka. Labule mai kauri, kafet, da jikin mutane idan sun cika suna rage shi.

Ka ƙirga ƙofofin fita, aƙalla biyu. Ka duba banɗaki na maza da na mata, wurin alwala da salla, wurin ajiye motoci da babura, da nisan wurin daga masallaci ko asibiti. Ka tambayi mai wurin ko yana da rajista da hukuma, ka ce ya nuna maka takardar.

Hattara: ka ba da ɗan kafin alƙalami kawai don a riƙe maka rana, a rubuta a takarda cewa za a mayar ko a sauya rana idan izini bai fito ba. A rubuta kuma ƙarfe nawa za a buɗe maka. Wasu wuraren sukan sa biki da rana kafin naka, ka zo da kaya ka tarar ana kwashe kujeru.

5. Nemi izini kafin ka buga fosta

A nan ne mutane suka fi gajen haƙuri, a nan ne kuma ake asara mafi ciwo, don an riga an kashe kuɗi. Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ita ke yi wa mawaƙa rajista, tana kuma duba waƙoƙi, kuma hannunta ya kai wuraren taro. A 2025 ta haramta shagalin ranar ƙauyawa da ake yi a bukukuwa. Ka je ofishinta da kanka, da wasiƙa mai ɗauke da sunanka, wuri, rana, lokacin farawa da tashi, sunayen duk wanda zai hau dandamali, da jerin waƙoƙin tare da baitocinsu a rubuce. Idan ba ka da rajista, ka fara da ita. Duk kuɗin da ka biya ka karɓi rasit. Ka yi kwafi uku na takardar da aka buga wa hatimi: ɗaya a aljihunka, ɗaya wurin mai ƙofa, ɗaya wurin mai wuri.

Daga nan ka kai wasiƙar sanarwa ga baturen 'yan sandan yankin. Ka sanar da ofishin Hisba na ƙaramar hukumar, ka gaya musu yadda ka tsara zama. Abin da ke jawo a tsayar da taro sananne ne: rawar maza da mata a cakuɗe, shigar da ba ta dace ba, kayan maye, da ƙananan yara cikin dare. Ka tsara wasanka na zama ne a saurara, ɓangaren mata daban, na maza daban, ko ka ware layin iyali. Kada ka bari a tallata shi da sunan gala, don wannan sunan kaɗai zai sa a yi maka wani kallo.

Sai wanda ba a rubuta a kowace doka ba amma ya fi su saurin tasiri: mai unguwa. Ka je da wani babba daga gidanku, bayan la'asar, ku zauna ku gaisa tukuna.

"Ranka ya daɗe, yaron nan ne zai tara mutane ranar Asabar su saurari waƙoƙinsa. Mun ce ba za a yi abu a ƙasarka ba ka sani ba."

"To madalla. Ƙarfe nawa za ku tashi?"

"Kafin kiran magariba, in Allah ya yarda."

Abin da ka faɗa a nan ka cika shi. Ka bar masa katin gayyata biyu. Idan wani ya kai ƙara ranar, shi zai ce ya san da maganar.

6. Makaɗa da gwaji

Mai fiyano ba ya wuya, sitidiyoyin Zoo Road cike suke da su. Ka nemi wanda ya saba bin mawaƙi a biki, don wanda ya iya haɗa kiɗa a kwamfuta ba lallai ya iya bin ka idan ka ja baiti ko ka koma amshi ba zato ba. Makaɗan gargajiya kuma ta hannun masu kiɗan biki ake samunsu. Ka je musu da girmamawa. Yawancinsu sun girme ka, sana'ar kuma gadonsu ce. Ka kira shi Baba, ka tambaye shi abin da yake karɓa, kada ka ce masa zai samu suna. Ku yanke kuɗin wasa daban, kuɗin motar gwaji daban, rabi kafin, rabi da an tashi.

Gwaji huɗu shi ne mafi ƙaranci. Na farko kai da mai fiyano kaɗai, don nemo inda muryarka take zaune. Wannan zaman yana da ɗaci ga wanda ya saba da sitidiyo, inda na'ura ke gyara murya, ana kuma yanka baiti-baiti ana huta. A dandamali babu wannan. Idan akwai inda kake maƙalewa a sama, a sauke waƙar da rabin mataki ko mataki ɗaya, ba abin kunya ba ne. Idan baiti ya fi ƙarfin numfashinka, ka ba 'yan amshi ƙarshensa.

Na biyu da 'yan amshi. Na uku kowa da kowa. A nan ka lura da abu guda: mai fiyano ne zai bi mai gurmi ko kukuma, ba su za su bi shi ba. Shi maɓalli ɗaya zai danna ya hau ko ya sauka, su kuwa tsirkiya ce da fata. Ka ba mai kukuma lokaci ya goga ƙaro a izgarsa ya daidaita, sannan mai fiyano ya nemo shi. Ka kuma ce a rage gangunan cikin fiyano ko a kashe su a waƙoƙin da kalangu zai shiga. Idan an bar su biyun, na injin zai danne na hannun, ka biya mai kalangu don a riƙa ganinsa kawai.

Gwaji na huɗu a yi shi tamkar ranar ce: daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe, ba tsayawa, a tsaye, da agogo. Waƙa 10 zuwa 12 ta isa awa ɗaya da rabi, don a gaban mutane kowace waƙa tana ƙara tsawo. Ka buɗe da wadda aka sani, sababbi su zo a tsakiya, wadda aka fi so ta zo kusa da ƙarshe. Ku yi yarjejeniyar alamu: ɗaga hannu a koma amshi, dunƙule hannu a tsaya. A rubuta jerin waƙoƙin da babban rubutu a manna a ƙasa gaban kowa.

Hattara: fatar ganga tana bin yanayi. Da damina ko sanyin yamma takan saki, sai an shanya ta ko an ɗan gasa ta. Ka bar wa makaɗin wannan, amma ka sa masa lokacinsa a tsari. Kai kuma, a hunturu, ka rufe hanci daga ƙura kwana biyu kafin ranar, ka rage surutu, ka riƙe ruwan ɗumi da zuma, ka ƙaurace wa mai ƙanƙara.

7. Kayan sauti da wuta

Mai kayan da ke saka kiɗa a biki daban, mai haɗa sautin makaɗa daban. Ka tambaye shi wasa na ƙarshe da ya haɗa wa masu ganga, in da hali ka je ka ji shi a wani taron. Ga ɗakin mutum 200 kana buƙatar manyan sifiku biyu masu fuskantar jama'a, sifika mai ƙugi ɗaya ko biyu a ƙasa, miksa (na'urar da ake jona makirufo da kayan kiɗa a daidaita sautinsu) mai layi 12 zuwa 16, da monita aƙalla biyu, wato sifikun da ake kwantarwa a gaban mawaƙi da makaɗa don su ji kansu. Monitar nan ita ake yawan cirewa don rage kuɗi, kuma rashinta ne ke sa mawaƙi ya kauce daga kiɗa bai sani ba, ko ya yi ta ihu har murya ta dushe a waƙa ta biyar.

Ƙirga makirufo: naka, na kowane ɗan amshi ko ɗaya ga mutum biyu, na kalangu, na gurmi ko kukuma, na mai gabatarwa, da ɗaya na ajiya mai waya. Shure SM58 shi ne sananne ga murya, amma na jabu ya cika kasuwa, don haka kunnenka zai yi hukunci. Idan mara waya za ka riƙe, a sa sabon batir a gabanka, wani kuma a aljihu.

Wuta kuwa, ka ɗauka babu ita. Inji mai ƙarfin kVA 5 zuwa 7.5 zai ɗauki sauti da fitilun ƙaramin wasa, yana shan kamar lita 2 zuwa 3 a awa idan yana ɗauke da kaya. Daga azahar zuwa magariba, da gwajin sauti, ka tanadi lita 20. A kafa shi a waje, nesa da taga da ƙofa, saboda ƙara da hayaƙi, hayaƙin inji a rufaffen wuri yana kisa. A kunna shi tun farko a zauna a kansa ko da an kawo wuta, don sauyawa a tsakiyar waƙa kan kashe miksa. Kada a haɗa kayan sauti layi ɗaya da firiji ko na'urar sanyaya ɗaki. A cika tanki kafin a fara, ba a zuba mai inji yana aiki.

8. Talla da tikiti

Yanzu ne za ka buga fosta, mako uku kafin ranar. Sunanka, wuri, rana, lokaci, farashi. Abin da ya fi fosta aiki shi ne ɗan bidiyon daƙiƙa 30 daga wurin gwaji, kai da mai kalangu, a TikTok da Facebook da matsayin WhatsApp. Ka nemi shiga shirin nishaɗi a ɗaya daga gidajen rediyon garin, ka je da makaɗi ɗaya ka rera a nan take.

Tikiti ya zama mai lamba, mai gutsure biyu. Ka rage wa wanda ya saya da wuri, da kuɗinsa za ka biya kafin alƙalami. Na kyauta kada ya wuce ɗaya cikin goma, ka rubuta sunayen. 'Yan uwa da abokai za su yi fushi, ka ba su haƙuri tun kafin ranar.

9. Ranar wasa

Kaya su iso awa huɗu kafin buɗe ƙofa. Manyan sifiku su tsaya gaba da layin makirufo, suna kallon jama'a. Idan suka koma bayan mawaƙi, wannan kukan mai huda kunne zai tashi. Wajen kunnawa, miksa da fiyano a fara, amfilifaya da sifiku a ƙarshe. Wajen kashewa a juya, sifiku a fara. A manne wayoyi a ƙasa da salatif.

Gwajin sauti ɗaya bayan ɗaya ake yi: kalangu, fiyano, gurmi, 'yan amshi, sannan kai. Mai kalangu yana motsi, yana matsa ganga a hammata yana juyawa, don haka a kafa masa makirufo a sanda, tazarar tafin hannu daga bakin gangar, a nuna masa inda zai tsaya. Gurmi da kukuma muryarsu ƙarama ce, nasu ya matso sosai. Ka faɗi abin da kake so a fili: "Malam, ƙara min muryata a monita, rage fiyano." Sannan ku yi waƙa ɗaya cikakkiya, ka tura wanda bai haddace ta ba ya tsaya a kujerar ƙarshe. Idan ya iya maimaita maka baitin, sauti ya yi. Idan bai iya ba, a rage kiɗa, kada a ƙara murya.

Hattara da ƙara. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ga wuraren kiɗa shi ne kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100 a cikin kowane minti 15. Akwai manhajojin waya da ke aunawa. A ƙaramin ɗaki ka zauna ƙasa da haka sosai, kuma kada a zaunar da yara kusa da sifika.

A ƙofa ka sa mutum biyu da ka yarda da su, ɗaya kuɗi da POS, ɗaya yage tikiti, da mace mai binciken mata. Wanda ya ce ya tura kuɗi, sai an ga shigarsu a wayarku, ba hoton rasit a tasa ba. Ƙofofin fita kada a sa musu kwaɗo. A haska fitila a bakin titi, 'yan sintirin unguwa biyu su tsaya wurin babura har kowa ya watse.

Ka fara a kan lokaci ko da mutum 40 ne. Ka ba wani sabon mawaƙi minti 15 ya buɗe. Makirufo ɗaya tak ga mai gabatarwa, kuma ka gaya masa tun farko iyakar kirari da kiran sunaye. Maroƙi ko sanƙira yana ƙara wa wasa armashi idan an ware masa waƙa ɗaya ko biyu, amma idan aka sake masa, wanda ya biya 3,000 zai zauna yana sauraron sunayen masu kuɗi. Da an kira salla a tsaya cak.

10. Liƙi

Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wurin biki, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma daga 2024 EFCC ta gurfanar da mutane a kan haka, bidiyon taron ne shaida. Ka ajiye ƙwarya ko faranti a gaban dandamali, mai gabatarwa ya sanar a sa a ciki ko a miƙa a hannu. Ka rubuta lambar asusu a kan allo. Mutum ɗaya ne zai kula da ƙwaryar, a ƙirga a gaban wakilin makaɗa. Kason da za su samu daga liƙi a yanke shi tun ranar gwajin farko, don rigimar da ke raba mawaƙi da makaɗansa daga nan take tashi.

11. Naɗa wasan, sannan ka sallami kowa

Sautin da waya ke ɗauka daga cikin jama'a ba ya amfanuwa. Ka ce mai sauti ya fitar da layi daga miksa zuwa ƙaramar na'urar naɗa sauti ko kwamfuta, a sa wata waya a tsakiyar ɗaki ta ɗauki tafi da amshin mutane, daga baya a haɗa. Waya biyu a kan sanda sun isa hoto: ɗaya a kwance ta ɗauki dandamali duka don YouTube, ɗaya a tsaye kusa da kai don TikTok. A rufe musu layin kira, a share musu wuri, a jona su da caji. Kafin waƙar farko wani ya tafa sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan mai tacewa zai daidaita hoto da sauti.

Hattara: dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba mai wasa haƙƙi a kan wasansa, don haka makaɗa da 'yan amshi su sa hannu a 'yar takarda cewa sun yarda a naɗa a saki, a kuma rubuta sunayensu a ƙarƙashin bidiyon. Waƙar wani da ka rera don girmamawa kada ka ɗora ta sai da izininsa ko na magadansa. YouTube ba ta fara raba kuɗin talla a dogayen bidiyo sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara (ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyon YouTube cikin kwana 90), kuma cikakken wasa na awa ɗaya ya fi gajerun bidiyo tara waɗannan awoyin.

A daren ka biya kowa cikon kuɗinsa, makaɗa da farko, tun kafin su naɗe kaya. Ka zaga wurin da mai shi ku duba kujeru tare don kada a kira ka gobe da lissafin abin da ya karye. Washegari ka koma ka yi wa mai unguwa godiya. Ka zauna da gutsuren tikiti ka rubuta mutum nawa suka biya, nawa suka shiga kyauta, nawa aka kashe a kowane fanni. Lambobin wayar waɗanda suka saya da wuri, idan sun amince, ka tara su wuri guda, su za ka fara sanar wa ranar wasa na biyu, wanda bai kamata ya wuce wata uku ba.